Banza ba ta kai zomo kasuwa: zare kan gem ɗin da muke bugawa

1/ Jama'a, zare ne kan gem ɗin da ke cinye mana caji a 'yan kwanakin nan: eFootball, FC Mobile, Dream League, Call of Duty Mobile, Free Fire da PUBG. Zan faɗi yadda nake ganin kowanne, sannan in zo kan abu ɗaya da ya haɗa su wanda ba ma son a taɓo. Ku biyo ni 🧵

2/ eFootball shi ne sarkin hostal, ko ka so ko ka ƙi. PES ɗin da muka sani ne Konami ta sauya wa suna a 2021, ta mai da shi kyauta. Fitowarsa ta farko abin dariya ce, fuskokin 'yan wasa kamar an zana da gawayi. Amma sun gyara. Yanzu ƙwallon na da nauyi, sai ka yi tunani kafin ka ba da fasin.

3/ FC Mobile kuwa magajin FIFA ne, tun da EA ta raba gari da hukumar FIFA aka sauya sunan a 2023. Ya fi kyan gani, ba musu. Matsalata da shi ɗaya: rabin lokacinka danne-danne ne, karɓi wannan, buɗe wancan, haɗa kati da kati. Ka shiga don buga ƙwallo, ka ƙare kana aikin akawu.

4/ Dream League abokin talaka ne. Ba ya cin wuri sosai, ba ya fushi da ƙaramar waya, kuma kana iya buga gasarka ba tare da kana kallon sandunan netwok ba. Ba shi da zurfin eFootball, bayan wata biyu ka gane duk dabarunsa. Amma ranar da data ta ƙare, shi ne ba ya gudunka.

5/ Call of Duty Mobile ya fito a Oktoban 2019, an sauke shi sau miliyan 100 a makon farko. Har yau a gem ɗin harbi na waya ban ga mai santsinsa ba. Sai dai yana cin ma'ajiyar waya kamar gara, kuma in netwok ya yi nauyi kai za ka fara harbi, kai za ka fara faɗuwa.

6/ Free Fire da PUBG 'yan gida ɗaya ne, hali ne ya bambanta. Free Fire mutum 50 ne, kamar minti goma an gama, kuma yana tafiya a wayar da PUBG zai sa ta yi zafi kamar dutsen guga. PUBG mutum 100 ne, yana son haƙuri da batir. Shi ya sa ƙannenmu suka fi yawa a Free Fire.

7/ To ga abin da ya haɗa su: duka kyauta ake sauke su. Ko sisi ba ka biya ba. Amma kamfanonin nan suna biyan dubban ma'aikata, suna biyan lasisin ƙungiyoyi da na 'yan wasa, suna riƙe da manyan kwamfutocin da ke haɗa mu dare da rana. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Daga ina kuɗin yake fitowa?

8/ Ku tuna gidan gem na unguwa. Ka biya kuɗin wasa ɗaya, ko a yi wanda aka ci shi ke biya. Ka san abin da ka saya, ka san farashinsa. Real Madrid ɗin da ke hannunka ita ce a hannun ɗan mai kuɗin layinku. In an lallasa ka, hannunka ne bai kai ba, ba aljihunka ba.

9/ Yanzu babban abin da ake sayarwa shi ne akwatin sa'a. Ka biya kuɗi, ba a ba ka ɗan wasan da kake so ba, an ba ka damar ja. Wataƙila Ronaldinho ya fito, wataƙila wani mai tsaron baya da ko 'yan garinsu ba su san shi ba. Kuɗin dai ya tafi ko ta yaya.

10/ Mu yi lissafi, tunda 'yan makaranta ne mu. A ce akwati na da kati 150, uku ne kaɗai manyan da ake talla da su. Jan farko damarka 2 cikin 100 ce. Ka ja sau goma a jere, damar samun ko da ɗaya ba ta kai 19 cikin 100 ba. Wato a mutum biyar, huɗu za su tashi hannu rabbana.

11/ Amma wa kake gani a WhatsApp? Wannan na biyar ɗin, da hoton katinsa da wutar 🔥 guda uku. Sauran huɗun sun yi shiru, ba wanda ke ɗora asararsa. Sai kai ka zaci kowa na samu, kai kaɗai aka bari a baya. Tallan da ya fi kowanne aiki mu muke yi musu, kuma kyauta.

12/ Lucky Draw na Call of Duty ya fi wayo. Kaya goma ne, duk wanda ya fito an cire shi, amma kowane ja ya fi na baya tsada. Na farko da araha, kamar ɗanɗanon mai tsire. Bindigar da ka zo dominta kuwa galibi sai can ƙarshe. In ka kai ja na shida, zuciya ce ke cewa: ka riga ka kashe, ƙarasa mana.

13/ Dabara ta biyu: ba sa bari ka ga naira. Sai ka fara sayen kuɗinsu, CP a Call of Duty, UC a PUBG, daimon a Free Fire, kwandala a eFootball. Da zarar kuɗinka ya koma lamba mai ƙyalli, zafin kashe shi ya ragu. Kuma sau da yawa ɗan canji zai rage, wanda bai isa komai ba sai ka ƙara saye.

14/ Dabara ta uku agogo ce. Saura kwana biyu, saura awa shida. Ba a son ka kwana ka yi shawara da filo. Sannan katin da ka sha wahala a kansa yau, nan da 'yan watanni za a fito da wanda ya fi shi gudu da ƙarfi. Tseren ba shi da layin ƙarshe, da gangan aka gina shi haka.

15/ Kar a ce sharrin ɗalibin da ba shi da kuɗi ne. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatin sa'a da ake saye da kuɗi caca ne a dokarsu. A Janairun 2019 EA ta daina sayar da FIFA Points a ƙasar. Gem ɗin bai mutu ba, mutane suka ci gaba da buga abinsu.

16/ Ƙasar Sin ta wajabta bayyana yawan damar samun kowane kaya tun 2017. Apple ta saka wannan sharaɗi a shagonta a ƙarshen 2017, Google ta biyo baya a 2019. Ma'ana lambobin suna nan cikin gem ɗinka, a wani ɗan lungu da ƙananan rubutu. Mu nawa ne muka taɓa buɗewa kafin mu ja?

17/ Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. A shekarar kuɗi ta 2021, sashen Ultimate Team kaɗai ya kawo wa EA dala biliyan 1.62. A Janairun 2025 masu Genshin Impact suka amince su biya dala miliyan 20 a Amurka, bayan hukumar kasuwanci ta zarge su da ruɗar yara kan damar samu da ainihin farashin akwatunansu.

18/ Mu nan abin ya fi ciwo. Farashin nan da dala ake auna shi, dala kuma daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 na NELFUND a wata, ja nawa ne tsakaninsa da garin kwaki?

19/ Na san amsoshin. Na farko: ai kamfani ma sai ya ci. Gaskiya ne, kuma ban ce kar a biya ba. Sayar mini da abu sananne a farashi sananne, kamar Battle Pass da ake nuna maka duk abin da ke ciki, ko gem irin Minecraft da ka biya sau ɗaya. Wannan ciniki ne. Sayar da wataƙila shi ne matsalar.

20/ Na biyu: ai ba a fitar da kuɗi, don haka ba caca ba ce. To me ake yi a guruf-guruf ɗin sayar da akawun? Mutum ya tara manyan katuna ya sa musu farashi da naira, duk da dokar gem ɗin ta hana. Nan kuma damfara ke da gida: a karɓi kuɗi a ƙwace akawun, ba wurin kai ƙara.

21/ Na uku: kuɗina ne. Haka ne. Amma abin da ka saya naka ne? Apex Legends Mobile ya fito a Mayun 2022, aka rufe shi a Mayun 2023, kuma EA ta ce ba mayar da kuɗi. Duk kwalliyar da mutane suka saya ta bi iska. Haya kake yi, mai gida kuma zai iya rufe ƙofa ranar da ya ga dama.

22/ Abin da ya fi damuna: da yawanmu ko da wasa ba za mu taka shagon caca ba, tarbiyya da addini sun hana. Amma a sa kuɗi, a juya, a jira sa'a, mun yarda da shi saboda an yi masa ado da hoton Messi. Fatawa ta malamai ce. Ni dai na ce a kai musu tambayar yadda take, ba tare da kwaskwarima ba.

23/ Kuma ƙannenmu na kallo. Yaro ɗan shekara 12 da ya saba da bugun zuciyar nan na buɗe akwati a Free Fire, me zai ji ranar da ya ga tallan caca a rigar ƙungiyar da yake so? Mu muke ba su wayar, mu muke saya musu daimon don su bar mu mu yi karatu.

24/ Shawarata ba a goge gem ba ce, ni ma yau da dare ina ciki. Ka ja da kwandalar da aka ba ka kyauta, ta ƙare ka tsaya. Kafin ka saya, mai da farashin naira, ka auna da kwanon shinkafa. Ka bari a kwana. Ka cire katin banki daga Play Store, ka sa kalmar sirri a kan saye.

25/ Masu shirya gasar hostal, ku dawo da ƙa'idar gidan gem: ƙungiyoyin asali kawai, ba tawagar da aka tara da kuɗi ba. A nan za a san wa ya iya, wa kuma katinsa ke buga masa.

26/ Yanzu ku faɗa mini: wanne kuke bugawa, kuma tsakani da Allah nawa ya ci muku a samistan nan? Ba sai kun sa suna ba, lambar kawai 😅