Kwali ya yage, an ce sabo ne: wa zai ɗauki asarar?

Ƴan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau zancen wasa za mu yi, amma ba da wasa za mu yi shi ba.

Ka shiga shago sayen sabuwar PlayStation, ko sabon faifan wasan ƙwallo. An miƙo maka kwalin a lotse, ko ledar a ɓare. Mai shago ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi sabo ne dal, mota ce ta matse shi a hanya." Za ka biya kuɗin sabo, ko za ka mayar da kuɗinka aljihu?

Mun san wani zai rubuta a ƙasa cewa ana fama da tsadar hatsi, mu kuma muna zancen kwalin Play. Mun ji. Sai dai a dubi wanda ke sayen abin. A Yamai ko cikin birnin Maraɗi, ɗan mai hali yakan saye ta ya ajiye a falo. A Attantane da garuruwan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa kuwa, Play jari ce. Saurayi ya dawo daga cirani, ko ya sayar da waken da ya noma da akuya biyu, ya haɗa talabijin da batir da faifan hasken rana, ya kafa rumfa da benci. Yara su riƙa zuwa da ƴan dalolinsu ana buga Barcelona da Real Madrid har dare. Daga nan yake cin abinci, daga nan yake taimakon gida. In na'urar ta mutu a sati na uku, damina guda ce ta tafi. Shi ya sa tambayar ta cancanci a zauna a kanta.

Amsarmu ita ce, lalacewar kwali iri biyu ce, kuma haɗa su wuri guda shi ne ƙofar da ake cutar mutane ta cikinta.

Akwai lotsewar hanya. Wanda ya san tafiyar da kayan nan ke yi ba zai yi mamakin ganin kusurwar kwali ta murɗe ba. Wasu daga Dubai ko Sin suke sauka Legas, su ratsa kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Kano, su kwana a shagunan titin Beirut ko Farm Centre, sannan su biyo Katsina da Jibiya da Ɗan Isa su shigo Maraɗi. Waɗanda a da suke shigowa ta Kwatano da gadar Gaya, tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, da yawansu sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Daga Yamai zuwa Maraɗi kaɗai akwai fiye da kilomita 600. Daga nan kuma a ɗora kwalin a saman mota tare da buhunan siminti da jarkokin mai, a sauke a Tasawa ko Mayahi, ɗan kabu-kabu ya ɗaure shi da roba ya shiga rairayi da shi. Kwalin da ya sha wannan wuya ya iso da ɗan tabo bai yi laifi ba. An yi shi ne don ya karɓi dukan a madadin abin da ke ciki. In hatimi yana nan, ledar kamfani tana nan, ba alamar ruwa ya taɓa shi, to ka nemi ɗan ragi in ana ragi, ka ɗauki kayanka.

Akwai kuma buɗewa, kuma wannan wata magana ce daban. Hanya tana lotsa kwali, amma hanya ba ta yanke salatif da reza ta sake liƙa wani a kai. Hanya ba ta cire leda daga faifai. Duk inda ka ga hatimi ya karye, hannu ne ya shiga, kuma kana da haƙƙin sanin abin da hannun ya shiga yi.

Ga abin da yakan faru in an buɗe. A cire manet ɗin asali, wato hannun da ake buga wasan da shi, a sa na jabu mai kama da shi wanda zai fara karkata gefe guda bayan wata ɗaya. A musanya wayar wuta. A ɗauko na'urar da wani ya more shekara biyu a Turai, a goge ta da mai, a zura ta cikin kwali mai sheƙi. PlayStation 4 ta fito tun 2013, PlayStation 2 kuwa tun 2000, kuma an daina ƙera ta fiye da shekara goma da suka wuce. Duk wanda ya ce maka yana da PlayStation 2 sabuwa fil daga kamfani, ka tambaye shi inda ta ɓuya duk shekarun nan. Shi ma faifan wasa haka ne. Wasu suna zuwa da wata ƴar takarda mai lambobi da ake shigarwa ta intanet a samu ƙarin abubuwa cikin wasan, kuma sau ɗaya tak take aiki. In wani ya riga ka amfani da ita, faifan zai yi ƙyalli kamar sabo, amma wani ɓangare na abin da ka biya ya riga ya tafi.

Ban da kariya, kwali takarda ce mai ɗauke da shaida. A jikinsa akwai lambar na'ura, kuma ya kamata ta zo daidai da wadda ke jikin na'urar kanta. A jikinsa ake gane ƙasar da aka ƙera kayan dominta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasu tsofaffin PlayStation 2 na Amurka da Japan wutar da ba ta wuce 120 ba suke ɗauka, tamu kuwa 220 ce. Ka jona kai tsaye, ka ji ƙauri. In wurin da aka rubuta waɗannan bayanai ne ya yage, ko aka liƙa wata takarda a kansa, to an cire maka ido ne kafin a sayar maka.

Ko a ƙasashen da ake ƙera wasannin nan, leda ita ce iyaka tsakanin sabo da wanda ba sabo ba. A Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, amma in faifan wasa ne kuma ya ɓare ledar, wannan dama ta faɗi. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon wani kwafin wasan Super Mario 64, wanda ya fito tun 1996, a kan dalar Amurka miliyan 1.56, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kwafin da aka taɓa bugawa na wannan wasa bai kai ko kusa da haka ba, leda da tsabtar kwali aka saya. Ba muna cewa mu koma bauta wa kwali kamar masu tara kayan tarihi ba ne. Abin lura shi ne, mutumin Turai yana da rasit, yana da garantin shekara biyu da doka ta ba shi, yana da ofishin kai ƙara, duk da haka bai yarda a sayar masa da buɗaɗɗe a kuɗin rufaffe ba. To ina ga ɗan Attantane, wanda ba rasit, ba garanti, kuma kuɗin motar komawa Maraɗi ya yi rigima sun kusa cinye ribar wata guda? Shi hatimin nan ne kaɗai shaidarsa. In an karya shi, cinikin biri a sama ya yi.

A yi wa ƴan kasuwa adalci. Yawancinsu su ma saro kayan suka yi, ba su ga ranar da aka rufe kwalin ba. Ma'aikatan duwan sukan buɗe kaya don bincike, kuma aikinsu ne. Wani mai shagon da kansa yake buɗewa ya gwada, don kada ya sayar wa mutum matacciya. Wani kuma yakan buɗe ya loda wasanni a ciki, tunda masu rumfunan wasa da yawa ba faifai suke saye ɗaya-ɗaya ba, na'ura mai wasanni a ciki suke nema. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba kowane buɗaɗɗen kwali ne ha'inci ba. Amma in dalilin buɗewar mai kyau ne, me zai hana a faɗe shi tun kafin a yi ciniki? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ba ya dawowa ya yi faɗa. Kayan hannu ba abin kunya ba ne, rabin garin nan da su muke rayuwa, daga waya har babur. Abin kunyar shi ne a kira tsoho sabo, a karɓi kuɗin sabo.

Wannan ba sabuwar ƙa'ida ba ce da muka ɗauko daga Turawa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin da ake sayarwa, ya ji jiƙa a ƙasa an rufe da busasshe a sama, ya kuma yi hani mai tsanani a kan haka. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye in ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Iyayenmu algus suke kiran wannan. Matar da ta tarar da tsakuwa a ƙasan tiyar gero ta san sunan abin da aka yi mata. Tsohuwar Play cikin sabon kwali, tsakuwar ce a ƙasan tiya. Ta ɓangaren hukuma ma, tun 2015 Nijar tana da dokar kare masu saye, kuma akwai ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe a wannan fage. Matsalar ita ce doka tana Yamai, ciniki kuma yana ƙarƙashin rumfa ranar kasuwa.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, kuma ba ya buƙatar ko tamma daga gwamnati.

Ƴan kasuwa su raba kayansu suna uku, farashi uku: rufaffe daga kamfani, buɗaɗɗe amma ba a mora ba, da na hannu ko gyararre. A faɗa da baki, a rubuta a takarda. Shugabannin ƴan kasuwar waya da kayan lantarki na Maraɗi da Tasawa da Mayahi za su iya mayar da wannan ƙa'idar layinsu cikin zama guda, kuma mai gaskiya a cikinsu ne zai fi cin ribarta, domin yanzu maƙaryaci ne ke karya masa farashi.

Kai kuma mai saye, kada kunya ta kashe ka. Duba lambar kwali da ta na'ura. Juya bayanta ka ga ko an taɓa ɓamɓare takardun da ke rufe kusoshi. Ledar kamfani a kan faifai tana da ninki mai tsabta a kusurwa, wadda aka sake naɗewa da zafi kuwa takan yi tabo da yamutsi a gefe. A kunna a gabanka, kuma kada ka yarda da gwajin minti biyu, domin na'urar da ta gaji sai ta ɗauki zafi take fara ƙara kamar injin niƙa ko ta ɗauke. Zauna ka buga wasa uku ko huɗu. Sannan a rubuta maka rasit, ko a bayan takardar sigari ce: ranar saye, lambar na'ura, kuɗin da ka biya, da kwanakin da za ka iya dawowa da ita. Mai shagon da ya ce "ai mu nan amana muke yi, ba sai an rubuta ba", ka gaya masa amanar ce ta sa za a rubuta.

In aike za ka yi, kamar yadda mutanen karkara da yawa ke yi ta hannun direba, a turo maka hoto da bidiyo ta WhatsApp kafin a ɗora a mota: kwalin ta kowane gefe, hatimin, da lambar. In ya iso a wani hali daban, an san inda za a fara tambaya, ba a bar ka tsakanin mai shago da direba kowa yana rantsuwa ba.

Ku kuma ƴan birni da kuka san waɗannan abubuwa tun kuna yara, ƙaninku ko ɗan ƙauyenku in ya shigo da kuɗin wakensa, ku raka shi kasuwa. Awa guda ce za ta tafi.

Dalilin da ya sa muka nace ya wuce wasa. Wanda ya saba karɓar kwalin Play a buɗe ya yi shiru, haka zai karɓi buhun takin da aka farke aka sake ɗinkewa, da kwalbar maganin ƙwarin da murfinta ya taɓa juyawa, da ƙwayar da aka zazzage daga kwalinta ba ranar ƙarewa. A 2015, lokacin annobar sanƙarau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan allurar rigakafi ta jabu da aka samu a nan Nijar, kuma cikin abubuwan da suka tona asirinta har da bayanan da ke rubuce a jikinta, waɗanda ba su dace da na kamfanin ba. Idon da ke duba hatimi ɗaya ne, ko a shagon wasa ko a wurin mai magani. Gara yaro ya koye shi a kan faifan ƙwallo, inda asarar ƴan jikkuna ce.

Masu rumfunan wasa na Attantane, Mayahi, Tasawa da Maraɗi, ku rubuto mana abin da kuka tarar cikin kwalayen da aka sayar muku. Kada ku ambaci sunan kowa, irin dabarar da aka yi kawai muke son sani, don na bayanku su gane ta tun daga nesa.