Ɗaga Ƙugun Mota Ba Ya Ƙara Mata Ƙarfi

Duk wanda ya saba shiga Suame Magazine a Kumasi ya san wannan abu. Ƙaramar mota mai ƙofa a baya, Golf ce ko Opel Astra ko Nissan March, za ta shigo da hantsi tana jan gindi a ƙasa kamar agwagwa. Mai ita ya fito, kafin ma a gama gaisawa sai ka ji ya ce, "Masta, a ɗaga mini bayanta." Zuwa la'asar motar ta fita ƙugu a sama, hanci a ƙasa, Alhaji yana murmushi, a ransa ya sayi motar ɗaukar kaya da kuɗin sifirin biyu. To 'yan uwana 'yan kasuwa na Paga da Bawku da Aflao da Elubo da Sampa, a kan wannan aiki nake so mu yi magana yau, domin a ganina muna biyan kuɗi ne ana rufe mana ido.

Kada wani ya ce na zo cin mutuncin Magazin. Wurin da ya samo sunansa daga ma'ajiyar makamai ta Turawan mulkin mallaka, wadda masu sana'ar ƙarfe suka fara taruwa kusa da ita tun shekarun 1930, yau yana cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka baki ɗaya. Daga Burkina da Mali da Nijar ake kawo motoci nan. Yaranmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da yawa a nan suka koyi abin da suke ci da iyalinsu. Gwanintar tana nan. Matsalar ita ce abin da muke roƙon gwanaye su yi mana.

Ni ma na taɓa roƙa. Shekarun baya ina da wata tsohuwar Golf da nake zirga-zirgar yau da kullum da ita, ranar kasuwa kuma in loda mata shinkafa da man girki. Da bayanta ya fara zama, na kai ta wurin wani dattijon masta. Ya zagaya ta, ya danna ƙugunta ya saki, ta yi ta lilo kamar kwale-kwale. Ya ce, "Alhaji, wannan ba ɗagawa take so ba, shokarta ce ta mutu, kuma kaya kake yi mata fiye da kima." Maganar ba ta yi mini daɗi ba. Na wuce gaba wurin wani yaro wanda bai yi mini musu ba, ya cire sifirin ɗinta ya sa na wata mota da ta fi ta girma, ya ƙara roba mai kauri a sama. Bayan 'yan makonni, a wata gangara tsakanin Techiman da Kintampo, wata babbar mota ta tsaya a gabana ba zato. Na taka birki har ƙasa, motar ta ƙi tsayawa inda ta saba. Allah ne kawai ya sa akwai fili a gefen hanya.

Sai daga baya na fahimci abin da ya faru, kuma shi ne abin da yawancinmu ba mu sani ba. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan, irin su Golf 2 da Golf 3 marasa birkin ABS, suna da wata 'yar na'ura a ƙarƙashi da ke haɗe da gatarin ƙafafun baya. Aikinta shi ne ta auna yadda bayan mota ya zauna. In ya yi ƙasa, ta san akwai kaya, sai ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ya yi sama, ta ɗauka motar wayam take, sai ta rage. To ka ga wanda ya ɗaga bayan mota sannan ya loda mata buhu shida, ya yaudari na'urar nan ke nan. Nauyi ya ƙaru, birkin baya ya ragu, duk wahalar ta koma kan birkin gaba. A gangara mai tsawo ya yi zafi, ya sake ka.

Ko motarka ba ta da wannan na'ura, lissafin bai canza ba. Buɗe ƙofa ka duba jikin ginshiƙi, ko ka ɗaga bonet, za ka ga wani ɗan faranti ko takarda da kamfani ya manna, an rubuta iyakar nauyin motar da kayanta. Ƙananan motocin nan yawanci abin da aka yarda su ɗauka bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, kuma har da direba a ciki. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Saura me? Buhun shinkafa ɗaya zuwa uku masu kilo 50, shi ke nan. Sabon sifirin ba ya goge wannan lamba. Bai canza birki ba, bai canza boris na ƙafa ba, bai canza taya ba. Ita ma tayar tana da tata lamba a gefe, bayan girmanta: in ka ga 79, kilo 437 take ɗauka, in 82 ce, kilo 475. Haka kuma akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, waɗanda ba mu cika dubawa ba in muna cinikin taya ta hannu. Tayar da ta tsufa, aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ta hau kwaltar Tamale zuwa Bolga a watan Maris, ba sai na faɗi sauran ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da ɗagawar nan shi ne tana kashe gargaɗi. Motar da bayanta ya zauna tana gaya maka ne cewa ta gaji, kamar jakin da ya durƙusa. Kai kuma maimakon ka rage kaya, sai ka ɗaure masa sanda a ƙafa don kada ya iya durƙusawa. Ga kuma tsayi da aka ƙara: mota ta fi tangaɗi a kwana, in babu kaya kuma bayanta ya riƙa tsalle a kan ramuka har taya ta bar ƙasa. Shokar da aka yi wa gajeren sifirin tana miƙewa har ƙarshenta, wata uku ta fara yoyon mai. Masu gasa sifirin da wuta don su miƙar da shi, ko su yi masa walda, waɗannan kam gyaran gangar Auzinawa suke yi, domin ƙarfen da ya sha wuta ya rasa tauri, ranar da zai karye ba ya sallama.

Na san abin da za a ce mini. Hanyoyinmu ba irin na Jamus ba ne, inda aka ƙera wasu daga cikin motocin. Daga Kumasi zuwa Paga kusan kilomita 600 ne, ga tudun rage gudu a kusan kowane ƙauye, ga hanyoyin kasuwannin ƙauye da damina ke cinyewa. Motar da cikinta ke gogar ƙasa za ta fasa tankin mai ko ta yar da salansa. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce kada a taɓa ƙafafun mota ba. Abin da nake cewa shi ne a mayar da ita yadda aka ƙera ta tukuna. Motar da ta shekara 20 sifirin ɗinta ya riga ya gaji ya zauna. In ka sa mata sabo daidai nata, da shoka mai rai, za ka yi mamakin yadda za ta miƙe ba tare da wata roba ba. A canza su biyu-biyu, hagu da dama tare. A duba bushin da bol join da tayarod, a ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke motar a kan tayoyinta, sannan a kai ta a daidaita ƙafafu. A leƙa kuma inda kan shoka yake zama a jikin mota, domin motocin da suka fito daga ƙasashen sanyi sun sha gishirin da ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ci su ta ciki. Sifirin mai tauri a kan ruɓaɓɓen ƙarfe huda shi zai yi.

Batun kayan hannu, waɗanda ake kira hom yus, nan ma a buɗe ido, a Magazin ne ko a Abossey Okai ta Akra. Sifirin na hannu yana iya yin kyau in ba shi da tsatsa kuma tsayin biyun ɗaya ne. Amma shoka, an wanke ta da fetur tana ƙyalli, ba ka san kilomita nawa ta ci a Turai ba. Danna ta da hannu ka ja. In ta tafi ba turjiya, bar musu kayansu.

Ga shugabannin Magazin kuma ina da roƙo. Tun 1980 jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a Suame, a 2006 kuma aka kafa ƙungiyar SMIDO don ciyar da wurin gaba. Ilimin yana kusa. Me zai hana ƙungiyoyin masu gareji su sa ya zama ƙa'ida cewa duk wanda ya taɓa tsayin mota sai ya duba birkinta, ya kuma nuna wa mai ita lambar nauyin da ke jikin ƙofa? Jami'an DVLA masu duba lafiyar mota su ma idonsu yana ganin motar da ƙugunta ya fi kanta tsayi.

Amma mu ne masu biya, kuma makanike abin da aka biya shi yake yi. In cinikinka ya kai ka riƙa ɗaukar buhu goma kowace kasuwa, alhamdu lillahi, kasuwa ta yi albarka: ka haɗa kuɗi da maƙwabcinka ku ɗauki shatar ƙaramar motar kaya, ko ka sa a Aboboyaa in tafiyar ta cikin gari ce, ko ka yi sawu biyu. Ni dai tawa Golf na mayar da ita wurin dattijon nan da na ƙi jin maganarsa. Bai ce mini komai ba, ya kira yaronsa ya ce a kawo jak. Na biya kuɗin aiki sau biyu, kuma tun daga ranar buhu uku nake sa mata.