Amsa Gaisuwa Ba Warkewa Ba Ce

Akwai wata cuta mai ɓuya a bayan gaisuwa, kuma da yake mu Hausawa mutanen gaisuwa ne, ta sami maɓoya mai kyau a gidajenmu. Likitoci suna kiranta afasiya, watau ɗaukewar magana da kan sami mutum in sashen ƙwaƙwalwa mai kula da harshe ya lalace. Abin da ya fi jawo ta shi ne shanyewar ɓarin jiki, sa'ad da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ciwon ya kama sukan gamu da ita. Ga yawancin mutane, mazaunin magana yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ke mulkin daman jiki. Shi ya sa sau da yawa wanda hannunsa na dama ya shanye, shi ne harshensa kan ɗaure.

Abin mamaki shi ne, ba dukan magana takan tafi ba. A ce wa majiyyaci "Ina kwana?" ya ce "Lafiya lau." A ce "Ina gajiya?" ya ce "Ba gajiya." Yana iya ƙirga daga ɗaya zuwa goma, ko ya karanta Fatiha ba tuntuɓe. Amma a tambaye shi abin da yake marmarin ci, ko sunan ɗansa na fari, sai kalma ta maƙale, ya yi ta fama har ƙwalla ta cika masa ido.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana wani majiyyaci wanda kusan ba abin da yake iya furtawa sai "tan", ko da yake yana gane abin da ake faɗa masa. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wani iri dabam, inda magana take zuba kamar ruwa amma ba ma'ana. A Ingila kuwa, John Hughlings Jackson ya raba magana gida biyu: wadda mutum kan gina sabuwa domin ya faɗi abin da ke ransa, da wadda baki ya saba da ita har ta zama jiki, kamar gaisuwa da rantsuwa da ƙirga. Cutar takan rushe ta farin, ta bar ta biyun a tsaye.

To, a nan ne muke yin kuskure iri biyu. Masu zuwa dubiya su ji an amsa gaisuwa sarai, su koma suna cewa ai ya warware, har wani ya ce taurin kai ne ya hana shi magana. Waɗansu kuma su ji kalmomi suna fita a birkice, su yanke cewa taɓin hankali ne ko shafar aljanu, a yi ta hayaƙi da turare, alhali ciwon yana cikin jijiya. Duka biyun zalunci ne. Afasiya ba hauka ba ce. Mutumin yana nan, ya san iyalinsa, yana jin zafin a zauna ana zancensa a gabansa kamar ba ya wurin.

Mu da muka sami ilmin zamani, mu ake kira in abu ya faru a gida, saboda haka nauyin yana wuyanmu. Da fari, in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice farat ɗaya, a nufi asibiti nan take, domin maganin narkar da gudan jini yakan yi aiki ne cikin sa'a huɗu da rabi na farko. Na biyu, mu yi wa majiyyaci gajeriyar tambaya mai amsar i ko a'a, mu ba shi lokaci, kada mu fizge masa magana daga baki. Na uku, maganar da ta tsira tsani ce. A 1973 waɗansu masana a Boston ta Amurka suka fito da hanyar koyar da magana ta rera gajerun jimloli, domin sun ga mai afasiya yakan iya waƙa ko da zance ya gagare shi.

Sa'an nan akwai aiki a gaban jami'a. Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, don haka gwajin da aka tsara da Turanci ba zai auna tsohon da bai taɓa jin Turanci ba. Lalle ɗaliban likitanci da na sashen harsuna su haɗa kai su tsara namu. Kafin nan, in mun je dubiya aka ce mana "Lafiya lau", kada mu yi saurin tashi. Mu gyara zama, mu jira abin da yake ƙoƙarin faɗi bayan gaisuwar.