Jami'a da Masu Lambun Kwadon

Wanda ya bar birnin Gombe ya kama hanyar Dadin Kowa, ba zai yi nisa ba zai iso Kwadon, a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba. Garin ya yi suna wajen noman lambu. Daga can ake kai tumatir da albasa da sauran kayan miya kasuwannin Gombe. Tun da aka kafa Jihar Gombe a 1996 birnin yake ta bunƙasa. Masu cin abinci suna ƙaruwa, gidaje kuma suna cinye filayen noma. Saboda haka tukunyar mutumin birni ta dogara ƙwarai ga lambunan da ke bakin gari.

A ganina, wajibi ne manyan makarantun jihar su tallafa wa waɗannan manoma. Akwai Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011. Ga kuma Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa. Da dukiyar jama'a aka gina su, don haka jama'a suna da hakki a kan iliminsu.

Mai lambu ya san aikinsa, amma akwai matsalolin da suka fi ƙarfinsa. Ta farko ita ce ƙwari. A 2016 wata tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta ta lalata gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har tumatir ya yi tsadar gaske a Nijeriya. Idan irin wannan annoba ta zo, manomi yakan ƙara yawan maganin feshi. Yin haka yana cinye kuɗinsa, yana cutar da mai cin tumatirin, ƙwarin kuma su saba da maganin. Malamin jami'a zai iya nuna masa maganin da ya dace, da adadinsa, da kwanakin da zai jira kafin ya tsinki amfanin gonarsa.

Ta biyu ita ce asara bayan girbi. Tumatir yana nuna a lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, abin da ba a sayar ba ya ruɓe. Albasa ma tana lalacewa idan rumbu ba ya samun iska. Ɗaliban aikin gona za su iya gwada rumbu mai sauƙin kuɗi, da hanyar busar da tumatir a kan raga mai tsabta maimakon shanya shi a ƙasa.

Ta uku ita ce ƙasa da ruwa. Gonar da ake nomawa rani da damina takan gaji. Jami'a tana da ɗakin gwaji inda za a auna ƙasa a san takin da take bukata, a kuma auna ruwan ban-ruwa a tabbatar da tsabtarsa. Hatta ɓawo da ganyen da ake zubarwa a kasuwa za su iya zama takin gargajiya, su koma gona.

Wani zai ce jami'o'i ba su da kuɗi, kuma aikinsu koyarwa ne da bincike. Gaskiya ne kuɗi sun yi ƙaranci. Amma ɗalibin aikin gona dole ne ya yi aiki a fili kafin ya kammala karatu, kuma lambun Kwadon aji ne da ba sai an gina ba. An ma taɓa gwada wannan hanya a Arewa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana fitar da ingantaccen irin masara da gyaɗa da wake, manoma suna amfana.

Sharaɗi ɗaya ne: masana su zo da kunnen saurare. Manomi ya fi kowa sanin halin gonarsa. A yi masa bayani da harshen da yake ji, a kuma keɓe ɗan fili a shuka sabon iri kusa da tsohon, domin gani ya kori ji. Idan malami da manomi suka tsuguna a bakin kwami ɗaya, ɗalibi zai ƙaru, mai lambu zai ci riba, kayan miya kuma za su wadata a Gombe.