Fanshon tsoho daga Faransa: rufe baki ba biyayya ba ce

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai akwatin ƙarfe da ba mai taɓa shi sai maigida. Ranar da ido ya yi rauni, ƙafa kuma ta ƙi kai shi banki, sai ya miƙa wa babban ɗansa mabuɗi. A nan ne ɗan yake gano cewa shekara da shekaru kuɗin fansho suna shigowa daga Faransa, ma'aikatar haraji kuwa ba ta taɓa jin labarinsu ba. Shawarar dangi ɗaya ce: a rufe baki, kada a tsokano tsuliyar dodo. Shawarar ta yi aiki jiya. Yau tana iya cin gidan.

Tsofaffin nan ba ɓarayi ba ne. Dokar kasafin kuɗin Faransa ta ranar 26 ga Disamba 1959 ita ce ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Wanda ya kwana rami ɗaya da Bafaranshe a Indocin ko Aljeriya ya dawo gida yana karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, abokin yaƙinsa kuwa nasa na ƙaruwa. Wa zai ɗauki irin wannan kuɗi ya kai gaban mai lanho? Sai a Nuwamba 2001 babbar kotun mulki ta Faransa ta ce wannan wariya ce, a shari'ar Amadou Diop ɗan Senegal, wanda ya riga ya rasu kafin hukuncin. A Mayu 2010 majalisar kare tsarin mulki ta ƙara tabbatar da haka, daga Janairu 2011 aka buɗe ƙofar daidaitawa ga wanda ya rubuta ya nema. Kuɗin goro suka zama kuɗin riƙe gida, al'adar yin shiru kuwa ba ta canja ba.

Abu na biyu ya fi kusa. Yarjejeniyar haraji da Nijar da Faransa suka sa wa hannu ranar 1 ga Yuni 1965 ta bar haƙƙin karɓar haraji a kan fansho ga ƙasar da mai fanshon yake zaune. A Disamba 2023 hukumomin Nijar da na Mali suka bayyana soke irin wannan yarjejeniya. Akwai hujjar da za a iya kare matakin da ita, tun da kamfanonin Faransa sun daɗe suna cin moriyarsa fiye da talaka. Amma rumfar da aka rushe don a kori manya, ƙanana ma a inuwarta suke zaune. Dokar Faransa ta ba ta damar cire haraji tun daga tushe a kan fanshon da ake biyan mazauna waje, kashi 12 ko 20 cikin 100 idan kuɗin suka wuce wani mizani. Ba wanda ya tara gwaurayen mazan jiya ko tsofaffin leburorin masana'antun Faransa ya yi musu bayanin wannan da Hausa.

Abin da ya kamaci ɗa shi ne ya zauna da mahaifinsa tun yana da rai da hankalinsa, da ladabi, ba da tuhuma ba, su ware takardu. Kuɗin ba iri ɗaya ba ne: na girmama tsohon mayaƙi da na raunin yaƙi, Faransa kanta ba ta karɓar haraji a kansu, fanshon shekarun aiki kuwa hukuncinsa daban. Daga nan ya rubuta wa ma'aikatar haraji da izinin tsohon, ya nemi amsa a rubuce, ya adana. In an ce ba abin biya, takardar garkuwa ce. In akwai, gara a san yawansa yanzu.

Ɓoyon ma ba ya ɓoyuwa. Kowace shekara sai an aika takardar shaidar cewa tsoho yana raye, banki kuma ba ya mantuwa. Ranar da aka zo rabon gado, shari'a ta ce a fara biyan bashin mamaci; a lokacin ne ƴan uba ke tambayar wanda ya riƙe mabuɗi ina kuɗin suka shiga, shi kuwa ba shi da takardar nunawa. Mafi muni, akwai gidan da zai ci gaba da karɓa bayan an binne mai shi, wannan kam ya bar sakaci ya shiga zamba.

Nauyi mafi girma na kan gwamnati. Wadda ta soke yarjejeniya, ita ya kamata ta faɗa a gidajen rediyo, da harsunan ƙasa, wane fansho ake biya wa haraji, wanne aka yafe. Ta kuma ba da wa'adi, ko na shekara guda, wanda duk ya kawo kansa a cikinsa ba za a ci shi tara ba. Mafi ƙanƙantar waɗanda suka yi yaƙin Aljeriya, wanda aka gama a 1962, ya haura shekara 80.