Ma'aunin da Shallow Hal Bai Sauya Ba

Fim ɗin Shallow Hal na 2001 yana wa'azin cewa kyan hali ya fi kyan fuska, amma sai da aka juya wa jarumin fim ɗin, Hal, tunani, yana ganin Rosemary mai ƙiba a siffar siririyar Gwyneth Paltrow, kafin ya so ta. Ashe ma'aunin kyan jiki yana nan. Har kujera aka sa ta karye da ita don mu yi dariya, wannan kuwa ya ƙona mini rai. Ma'aunin Allah kuwa dabam ne, kamar yadda mu Kirista muka sani daga labarin Farawa 29: Yakubu ya fi son kyakkyawa Rahila, amma ɗaya matar tasa Lai'atu ce ta haifi Yahuza, kakan Almasihu. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku mata cewa cikin siffar Allah aka halicce su.