Gado Uku, Majinyata Da Yawa: Wa Za A Zaɓa?

Yau za mu leƙa birnin Siyatil na Amurka. A 1962 aka buɗe wata cibiyar wankin ƙoda a can da gadaje uku kacal, masu buƙata kuwa sun fi ƙarfinta. Wanda bai samu gurbi ba, mutuwa ce ke jiransa.

Sai aka kafa kwamitin mutum bakwai, aka sakaya sunayensu, ciki har da lauya, limamin coci, ma'aikacin banki da matar aure. Likitoci sun riga sun cire yara da waɗanda suka haura shekara 45. Ragowar kuma kwamitin ya riƙa duba sana'arsu, iliminsu, samunsu da yawan iyalinsu. Ke nan magidanci mai albashi ya fi gwauro marar galihu damar rayuwa.

Da mujallar Life ta buga labarin, aka yi ta cece-kuce. A 1972 majalisar dokokin ƙasar ta amince gwamnati ta ɗauki nauyin wankin ƙodar mafi yawan majinyata.

A ganina, in kayan aiki sun gaza, zaɓe ya zama dole. Amma abin dubawa biyu ne: wa ciwo ya fi tsananta gare shi, wa kuma maganin zai fi yi wa amfani. Aljihu da muƙami ba su da hurumi a nan.

Masu burin zama likitoci, ga aikin mako: silindar oksijin ɗaya, majinyata biyu, ciwonsu daidai. Da me za ku raba gardama? Ku tattauna a kulob ɗin muhawara, ku aiko mana da amsa.